Takalma Masu Igiya

Ranar Talata ce. Da asuba na ji ƙarar famfo a banɗaki, na san 'yata ta riga ni tashi. Gari na wayewa ta zauna a falo tana saka wa rikodarta sabon batir. Da hantsi muka sha shayi, mahaifiyarta na mitar an sake bar mata kofi a kan firiji. Babu abin da ya raba safiyar da sauran.

Aikinta shi ne shiga gidajen mutane ta saurare su. Wata cibiyar bincike ce ta ɗauke ta bayan ta gama jami'a, kuma a lokacin suna nazarin yadda iyalai ke jinyar tsofaffinsu a gida. Mu Sai-kuma muke kiranta, domin tun tana ƙarama ba ka rufe baki daga ba ta labari sai ta ce, "Sai kuma?" Ni mai harhaɗa magunguna ne a asibiti, na saba da gajeriyar tambaya da gajeriyar amsa. Ta ce wannan ba sauraro ba ne, awo ne.

Ba ta zama a kujerar da ta fi ta masu gida tsayi. In an kawo mata ruwa tana sha, ko ba ta jin ƙishi. In mutum ya yi shiru a tsakiyar magana, ba ta ƙarasa masa. Amma babbar dabararta takalma ce: ba ta fita aiki da silifa, sai masu igiya.

"Baba, a bakin ƙofa ake yin maganar gaske," in ji ta. "An kashe rikoda, an yi sallama, kowa ya saki jiki. In na zura silifa na wuce, na baro ta. Amma in na durƙusa ina ɗauri, ba na kallon kowa, sai ka ji an ce, 'Af, ban gaya miki ba.' Daga baya in nemi izinin rubutawa."

Ni ma ta taɓa kama ni da wannan dabarar. A bakin ƙofarmu bakina ya suɓuce na ce na daina shan maganin hawan jini. Wata guda tana tsokanata: "Mai magani, an sha magani?" Daga nan abin ya zama wasanmu.

A safiyar nan ta durƙusa ta daɗe. Ta ɗaure na hagu, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Ina tsaye da makullin mota, na ce a raina tarko ne.

"Uwata, yau kam kin yi asarar igiya. Na sha, je ki duba kwalin."

Ta yi 'yar dariya ba ta ɗago ba. "To, Baba."

Ba ta tashi ba. Ni kuwa na harɗe hannu na kame baki, na ƙudura ba za a ci ni sau biyu ba. Can ta dafa ƙofa ta miƙe.

"Yau kai ka ci," ta ce, ta fita.

Da azahar ta kira mahaifiyarta ta tambaya ko a sayo sabulu. Bayan la'asar aka kira ni. Ta faɗi a gidan wata tela mai jinyar surukarta. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Asibitinmu aka kawo ta, kuma ba ta farfaɗo ba.

Da masu gaisuwa suka ragu, telar ta zo. Ta ce sun gama hira lafiya, ta rako ta ƙofa, yarinyar ta durƙusa tana ɗaure takalmi.

"Sai ta ce mini, 'Yaya, kwana biyun nan kaina sarawa yake, yau da safe har ƙofa na ga ta zama biyu. Na so in gaya wa babana, na tarar yana cikin raha.' Wallahi Baba ni ban tambaye ta komai ba, tsayawa kawai na yi."

Sau ɗaya na tambayi likitan da ya duba ta ko da ta rayu da an kawo ta da safe. Abokin aikina ne na shekaru. Ya gyara gilashinsa ya ce, "Ba lallai ba." Na san abin da nake yi in wani ya zo tagar da nake ba da magani ya haɗa ciwon kai da gani biyu. Ba na ba shi ƙwaya. Zagayowa nake yi in kai shi ɗakin hoton ƙwaƙwalwa da kaina.

Rikodar na mayar wa cibiyar ban kunna ba, domin muryoyin mutane ne da aka ba ta amana. Tufafinta 'ya'yan ƙanwata suka raba. Littattafanta aka ba wadda ta gaji aikin. Takalman kuwa, sau biyu matata na saka su a buhun kayan sadaka, sau biyu ina cirowa. Suna nan ƙarƙashin bencin bakin ƙofa, igiyar na dama a kwance. In matata tana shara takan ɗaga su, ta share, ta mayar.