Tambayar da Malam Sabo Bai Yi Ba

Ni ba a haife ni ɓarawo ba. Ma'aikaci ne ni a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, ina kan injin da ke fitar da bokitai. Duk wanda ya san ni a lokacin zai ce yaron kirki ne, sai dai daɗin baki. Bakin nan ne ya kai ni gidan yari. Samari, sunana ba zai amfane ku da komai ba, labarin ne zai amfane ku.

Abin ya fara ne da babur. Wani abokin aikina ya ce in ɗora masa hoton babur ɗinsa a zauren saye da sayarwa na waya. Na ɗora, na ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin da ya yanke, aka saya, ban gaya masa ba. Ranar na ci tsire har na ture, na ce wa kaina ai dillanci ne, ba sata ba.

Daga nan na fara ɗaukar hotunan motocin manya da ake ajiyewa a bakin kamfanoni a Bompai, in sa su a intanet da araha. Wanda ya kira sai in ce mutane sun yi caa a kan motar, ya turo kafin alƙalami in riƙe masa. Yana turowa in cire layin in jefar. Aikin kamfani ya fara yi mini nauyi, na ajiye shi.

Da mutane suka waye, suka ce sai sun gani da ido, sai na ɓullo da wata hanya, kuma ita ce nake jin kunyar faɗa. Kun san al'adarmu: idan dillali ya haɗa ciniki, mai kaya da mai saye ba sa zancen kuɗi a tsakaninsu, don kada a ci wa dillali fuska, a hana shi la'adarsa. Wannan karar da mutane ke yi wa juna ita na mayar tarko.

Wani mutum a Dakata ya sa adaidaita sahunsa a kasuwa. Na kwashe hotunan, na sake ɗorawa da lambata, na karya farashin. Wanda ya kira ni dattijo ne, Malam Sabo, mutumin Jigawa. Ya daɗe yana aiki a wata masana'antar fata a Challawa, aka rage ma'aikata, aka sallame shi da ɗan abin da ya samu. Ya ce, "Ɗana, abin da ke hannuna ke nan duka. So nake in riƙa ja ina ciyar da iyali." Da kunnena na ji wannan magana. Na ce, "Baba, rabonku ne ya tsaga."

Na ce masa adaidaitan na yayana ne, ya je ya duba, amma kada ya yi masa maganar kuɗi, ni ne a tsakani. Mai adaidaitan kuwa na ce masa kawuna zai zo dubawa, ni zan biya, kada ya faɗa masa farashi. Suka haɗu. Malam Sabo ya je da bakanike, aka tayar da inji, aka duba takardu, komai lafiya lau. Ya kira ni yana murna, na ba shi lambar asusu, ya tura. Da ya miƙa hannu a ba shi makulli, mai adaidaita ya ce shi ko sisi bai gani ba. A lokacin na riga na kashe waya.

Mai shagon da nake cire kuɗi a wurinsa ne ya nuna ni ga 'yan sanda. Kafin a kama ni na cinye kuɗin a shaddoji da sabuwar waya. A kotu ban iya ɗaga kai ba. A gidan yari kuwa ba yunwa ce ta fi damuna ba, muryar dattijon nan ce yana cewa "ɗana".

Da aka sake ni na nemi Malam Sabo. Na same shi a bakin masana'antar da ta sallame shi, yana dakon ɗanyar fata, rigarsa sharkaf. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne dillalin adaidaita sahun nan. Ku yafe mini."

Ya sauke fatar, ya dube ni ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma ka sani, benci ɗaya muka zauna da mai adaidaitan nan, har la'asar muka yi tare. Maganar tana zuwa bakina in tambaye shi nawa ya ce, sai in haɗiye. Na ce kada in zubar wa yaron nan mutunci, halalinsa yake nema."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Samari, idan za ku sayi abin hawa, ku tambayi mai shi farashi ido da ido, ku biya wanda makulli da takardu ke hannunsa. Dillalin gaskiya ba ya tsoron wannan tambaya. Idan kuma zuciya ta ce ku ƙara ɗan wani abu a ɓoye, ku tuna daga babur na faro.

Na tuba, yanzu dako nake yi a Sharaɗa. Duk adaidaita sahun da ya wuce sai na leƙa fuskar direban, ko da yake na san ba Malam Sabo ba ne.