Shafuka ukun da na tsallake wa kakata

Shekarun baya, ina gama sakandare, yanar ido ta rufe wa kakata gani. Da ita ce kan gaba wajen kallon fim a gidanta na Abbaganaram, har zagin 'yan wasa take. Da idon ya tafi sai ta shige ɗaki, ta daina hira, abinci ma sai an yi da gaske. Mahaifiyata ta ce in tattara daga Bulumkutu in je in zauna da ita, kada ƙunci ya kashe tsohuwa.

Na fara da abin da na sani, na kunna fim ina ba ta labari. Ita kuma sai tambaya take: "Wa ya shigo? Me ta saka?" Ni kuwa ba ni da haƙuri ko na ƙwayar gero. Kwana biyu ta ce, "Kashe. Ku kuna gani, ni ina jin hayaniya."

Don rashin abin yi na ɗauko wani tsohon littafin Hausa na ƙawata, labarin wata mata da ta koma gidan mahaifinta bayan shekaru. Na fara karantawa da ƙarfi. Ba ta kore ni ba.

To ni ko fim nake kallo, in aka fara jan rai, tura shi gaba nake. Da na ga marubucin ya tsaya bayanin tsakar gida, sai na haɗa shafi uku na juye abina.

"Ke, tsaya," in ji kaka. "Yanzu muke bakin zaure, sai ga mu a kasuwa? Wane mara tarbiyya ne zai zo gidan ubansa bai shiga ya sha ruwa ba?"

"Kaka, surutu ne kawai a wurin."

"Ja'ira. Mayar da ni inda kika ajiye ni."

Na koma ina gunaguni. Da na zo kan bishiyar bakin rijiya ta ce, "Tsamiya ce, irin ta gidanmu na ƙauye." Na ce mangwaro ne. Na duba, littafin bishiya kawai ya ce. Ashe ni ma na shiga gidan ban sani ba. Ranar ta cinye tuwonta muna gardama.

Abin da na gane shi ne, fim ginannen gida yake nuna maka ta taga. Littafi kuwa fili yake ba ka, kai za ka kawo ƙofa, da fuskoki, da ƙamshin turaren wuta daga cikin kanka. Abin da ka gina da hannunka ba ka saurin fita daga cikinsa.

Kakata tana nan da ranta, idon bai dawo ba. Amma kullum da la'asar tana kan tabarma a tsakar gida, matan maƙwabta kewaye da ita, tana ba su labarin da na karanta mata da safe, tana ƙara gishiri son ranta. In na buɗe baki zan gyara sai ta ce, "Yi shiru, ke karantawa kika yi. Ni ina wurin."