Ƙugiyar Da Madam Nkechi Ba Ta Sa Ba

Wannan watan ne Madam Nkechi ke cika shekara tara da rasuwa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunanta ba. Shagon buga takardu gare ta a wani lungu da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo, kuma duk wanda ya taɓa shiga gasar gajeren labari daga Fagge ko Sabon Gari a wancan lokacin, da wuya a ce takardarsa ba ta bi ta hannunta ba. Ni dai tawa ta bi har sau shida, ban kuma ci ko sau ɗaya ba. Kada wani ya ga laifinta, labaran nawa ne ba su nuna ba.

A Sabon Gari aka haife ta. Iyayenta Ibo ne, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Hausa kuwa, in tana magana a bayan labule sai ka rantse 'yar cikin gari ce. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rijiyar Lemo. Takardun jarrabawa ne suka fara kai ni wurinta, daga nan muka saba, har ya zama in an tashi makaranta sai na biya na zauna a bencinta kafin in wuce gida.

Injinanta, daga tafireta har kwamfutar da ta saya daga baya, babu wanda yake iya fitar da haruffanmu masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ. Sauran masu shago haka suke miƙo maka takarda, ka je ka ji da ita. Ita kuwa in ta gama bugawa sai ta sa tabarau, ta ɗauki baƙin biro, ta bi layi bayan layi tana lanƙwasa wa kowane harafi kansa. Babu wanda ya sa ta. Wata rana, ana gobe za a rufe karɓar labarai, na fizgi takarduna zan ruga gidan waya, ta dafe su da hannu.

"Malama Rabi, zauna. Wannan ɗan kasuwar naki, kaya ya taka ko ƙaya? In kaya ne ya ba mai su haƙuri, in ƙaya ce a nemo masa allura."

Na zauna ina ta hura hanci har ta gama. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, amma da na duba a mota sai na ga ita ce da gaskiya.

Kwanan nan nakan yawaita tambayar kaina me za ta ce da ta ga yadda abin ya koma. Gasa yanzu ta yi yawa, kusan kowane wata sai ka ga sanarwa a waya. Babu ambulan, babu kan sarki, babu layin gidan waya. Yarinya tana kwance a kan tabarma za ta rubuta labari da babban yatsa, ta tura kafin tukunya ta tafasa. Ƙugiyar da Madam take ɓata yini tana sawa, yanzu danna harafi kawai za ka yi ka ɗan riƙe, ta fito. Wani abin mamaki, da yawansu ba sa dannawa! Shin murna za ta yi da sauƙin, ko takaicin ragwancin ne zai hana ta sakat? Ina jin da yanzu tana can ƙarƙashin rubuce-rubucen mutane tana yi musu gyara, suna toshe ta ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma gasar da yawan masu danna maka alamar so ne ke sa ka ci. Wannan kam da na so in ga fuskarta.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da na yi mata, na daɗe ina ɓoye shi.

Wata rana da shagon ba kowa, ta jawo aljihun tebur ta miƙo min shafi biyar. Labari ne na wata mata mai sayar da abinci a kan titin da ya raba Fagge da Sabon Gari, wadda kowane ɓangare ke cin abincinta, kowane kuma ke ɗaukar ta ta ɗaya ɓangaren ce. Ban kai ƙarshe ba na san ya fi duk nawa shidan in an haɗa su. Na tambaye ta wa ya kawo. Ta ce, "Ni na kawo wa kaina. Kina ganin za su karɓa?"

Babu inda ƙa'idar gasar ta hana ta. Amma ni uwar iyayi sai na ce, "Karɓa kam za su karɓa. Sai dai ki sa sunan Hausa, ko Ladi ko Asabe, kada alƙalai su tsaya kallon suna su manta da labari."

Ta yi dariya. Ta ce, "To, Ladi ke nan." Ta ce in tafi da shi in ƙara dubawa. Ba ta sake tambayata ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba. Gasa ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana ta buga na mutane. Wallahi a lokacin gani nake shawarar ƙauna na ba ta. Sai bayan ta rasu na gane abin da na gaya mata a fakaice, cewa Hausarta ta isa ta gyara tamu, amma ba ta isa ta tsaya da sunanta ba.

Takardun suna nan a wurina. Kowace ƙugiya tana inda ya kamata, shafi biyar cur. Sai kan labarin kaɗai. Ta buga "Bakin Sabon Gari", kuma a saman harafin k akwai ɗan ɗigon biro, kamar ta ɗora hannu ta fasa. In an bar shi haka, gefen unguwar take nufi, inda mai abincin ke zama, ko kuma bakin da ke magana da yawun unguwar. In an ƙarasa ƙugiyar, ya zama baƙi, mutanen da ba 'yan gari ba. Matar da ba ta taɓa tsallake harafi ɗaya ba, a ce a nan ta yi mantuwa? Na juya takardar nan ta hasken taga ya fi a ƙirga, har yau ban yanke ba.

Watan jiya 'yar Madam, Chiamaka, wadda ke aiki a wani kantin magani, ta zo gidana a Fagge. Na taɓa ba ta labarin uwarta ta karanta. Bayan mun gaisa ta miƙo min waya, ashe ita ma ta rubuta nata da Hausa, saura kwana biyu a rufe gasar da take son shiga. Kafin in fara karantawa ta ce, "Anti, kan labarin Mama ɗin nan, baƙi take nufi?"

Na ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

Sai ta ce ƙawayenta sun ba ta shawara ta sa sunan Hausa, ni me na gani? Na zaunar da ita na faɗa mata abin da na ce wa uwarta, ban rage komai ba. Na ce in ta sa wani suna ba nata ba, kada ta sake kira na Anti. A gabana ta cike fom ɗin, a gabana ta tura. Sakamako bai fito ba tukuna, ko za ta ci ko ba za ta ci ba, Allah masani.

Shagon yanzu ana sayar da kayan waya a cikinsa. Waɗanda Madam ta buga wa labarai wasu sun zama marubuta, wasu irina sun haƙura. Ba ta bar littafi ba, ba ta karɓi kambu ba. In ana neman abin da ya saura nata, to yarinyar nan ce da ta zauna a tabarmata tana rubuta sunanta ba tare da neman izinin kowa ba, ko da yake sai da ta kusa nema.

Da na koma na karanta labarin Chiamaka a natse, sai na ga ta sadaukar da shi ga wata Nkechinyere. Na kira ta na ce wace ce wannan kuma?

Ta ce, "Haba Anti, ai cikakken sunan Mama ke nan."

Shekara goma sha bakwai ina zama a bencin matar nan. Ta san sunayen 'ya'yana duka, ta san na mutanen da na ƙirƙira a labarai. Ni kuwa sai bana na ji nata.