Turmin da Na Yi Ta Dakawa Babu Hatsi

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku a wannan shafi, yau dai na ce bari in sauke nawa, ko zuciyata ta samu sauƙi. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye da ke ƙasar Kunci, inda gonaki suka manne da juna har ba ka gane ta wane da ta wane sai ka ga layin gamba. Mu Kirista gida bakwai ne kacal a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Muna da 'yar majami'armu ta ginin ƙasa da mai bishara ɗaya da ke yi mana sujada, ni kuma ni ce shugabar zumuntar mata. Mace ce ni mai baki da ƙwazo, ban taɓa makara sujada ba, kuma ina son kowa ya san ban taɓa makara ba. Ni ke sharar majami'a, ni ke ɗaga waƙa, ni ke zagayen marasa lafiya. A zuciyata na gama yanke cewa Allah yana ƙaunata ne saboda waɗannan abubuwa, kuma duk wanda ya fi ni shan wahala akwai inda ya gaza.

Shekarar farko ta babban farin nan, gonakin mutane suka ƙone, tamu kuwa da yake a kwari take ta ɗan riƙe laima, muka samu abin da ya cika rumbu ɗaya. Maimakon in yi shiru in gode, sai na miƙe ranar Lahadi na ba da shaida. Na ce Ubangiji ba ya barin nasa da yunwa, wanda ya ga rumbunsa wayam ya binciki zuciyarsa. Har yau in na tuna yadda na ɗaga murya a kan wannan magana sai in ji kamar in nutse. A cikin masu sauraro akwai wata gwauruwa mai marayu huɗu. Bayan kwana biyu ta zo gidana neman kwano ɗaya na dawa. Na ba ta, amma sai da na tsayar da ita a rana na yi mata wa'azi kan naciya cikin addu'a. Ta karɓa ta yi godiya kanta a ƙasa, ba ta sake tako ƙofata ba.

Shekara ta biyu farin bai bar kwari ba, bai bar tudu ba. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Da kaka ta wuce maigidana ya tafi cirani Kudu, ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna. Ya ce zai riƙa aiko da abin da ya samu. Sau biyu saƙo ya zo, daga nan shiru. Na yi ta jan hatsin nan, daga tuwo sau biyu muka koma sau ɗaya, daga tuwo muka koma kunu. Ruwa ya sauka muka yi shuka, kuma wata guda bayan shukar na shiga rumbu na share ƙasansa da tafin hannu. Saura wajen wata biyu sabon gero ya nuna, ni kuwa ba ni da abin da zai kai mu mako.

A irin ƙauyukanmu ba a tambayar gida ko yana da abinci, kunne ake kasawa. Da hantsi kowane gida turmi na tashi, gidan da aka ji shiru an san abin da ke ciki. To ni da na tsaya gaban ikilisiya na faɗi abin da na faɗa, ta yaya turmina zai yi shiru? Sai na riƙa zuba ƙaiƙayi da 'yar dusa ina dakawa da ƙarfi, har da waƙar yabo a bakina don a ji ta bayan danga. In na gama in kwashe ƙaiƙayin in ajiye, gobe in sake zuba shi. Abin da muke ci kuwa tafasa ce da rama da ganyen yaɗiya, a dafa a barbaɗa dusa da gishiri. Na ja wa yara kunne cewa duk wanda ya faɗa a waje sai na fasa masa baki. Na ce musu rufin asiri muke yi. Kullum muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, amma ni na ƙwace aikin daga hannunsa, na ce zan fi shi iyawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taimako ya zo har ƙofa, ba sau ɗaya ba. 'Yan'uwa daga birni suka aiko wa majami'armu buhunan masara. Mai bishara ya ce duk matar da gidanta ke da bukata ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa bayan sujada, ba sai ta yi magana ba. Ya yi haka ne don kada kowa ya ji kunya, amma ya manta mu mata mun san ƙwaryar juna kamar yadda muka san fuskar juna. Tawa mai zanen kan sarki ce da ɗinki a baki, ko yaro ya san ta. Kuma wa aka ɗora wa aikin awo? Ni. Na durƙusa gaban buhu ina cika ƙoren mutane. Matar mai bishara ta raɗa mini cewa ba ta ga tawa ba. Na yi dariya na ce mu alhamdu lillahi, a ba waɗanda suka fi mu. Gwauruwar nan tana tsaye tana jiran tata ƙwaryar, tana kallona. Na koma gida da zanena fari fat da ƙurar masara, ban kawo ko ƙwaya ɗaya ba.

Maƙwabciyata ta bayan danga matar wani malamin allo ce, mace mai sanyin hali, tare muke zuwa rijiya shekara da shekaru. Wata rana da hantsi, ina tsakiyar dakan ƙaryata, ta zuro ƙwarya ta ƙasan danga cike da gero. Ta ce cikin abin da aka kawo wa Malam ne, a dama wa Inna kunu. Raina ya ɓaci sosai. Na ga kamar ana so a ce Allahn Kirista ya kasa ciyar da su, sai Musulmi sun tallafa. Na tura mata kayanta na ce mun gode, namu ma bai ƙare ba. Ta ce to, ƙwaryar dai tana nan duk ranar da na so.

Inna tana zaune a gindin darbejiya ta ga komai. Tsohuwa ce da ba ta iya karatu ba, ta karɓi bangaskiya da girmanta, addu'arta ma ba ta wuce kalmomi kaɗan. Ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce ta goyi 'ya'ya tara, kuma wanda ya fi ba ta wahala shi ne mai sandarewa in an zo ɗaura masa zani, yana ƙin ya saki jiki. Ta ce ni haka nake da Allah, yana so ya goya ni ina ta miƙe ƙafa. Ta ce Yesu ya ƙaunace ni tun kafin in taɓa riƙe tsintsiyar majami'a, kuma ba zai fasa ba don an ga ƙwaryata a bakin ƙofa. Na ji maganar, amma haushi ya hana ta shiga. Na ce mata ita ba ta san abin da mutane za su ce ba, na tashi na koma kan turmina.

Kada ku ɗauka ba na addu'a a kwanakin nan. Ina yi, sai dai faɗa nake yi da Allah. In na tafi gona ciro tafasa sai in tsaya tsakanin kunyoyi in yi ta zazzaga masa. In ce ni da ban taɓa fashin sujada ba, ni da na share gidansa shekara goma, yau ni zai kunyata a gaban gwauruwa? In ce ya aiko da maigidana da buhu, ko ya yi wata mu'ujiza da ba wanda zai sani. Na tsara masa hanyar da zai bi ya taimake ni, duk wata hanya kuwa na toshe ta. Sai in dawo gida ina huci, ina ganin ya yi mini kunnen uwar shegu.

Ban lura Inna ba ta ci ba sai da abu ya yi nisa. In na zuba mata nata kwaɗon sai ta ce in ajiye ya huce, ina juya baya ta raba wa jikokinta. Ƙafafunta suka fara kumbura, in ka danna yatsa sai gurbin ya zauna. Masu zuwa gaishe ta na ce musu tsufa ne da sanyin damina. Har a nan, Edita, ban buɗe baki ba. Sai ranar da ta kasa tashi daga tabarma, matar mai bishara ta matsa aka ɗauke ta a amalanke zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikacin ya duba idonta da ƙafarta, ya juyo ya tambaye ni yaushe rabon tsohuwar nan da hatsi. Na fara kame-kame. Ya ce ba ciwon da allura za ta warkar ba ne, yunwa ce, kuma an makara da kawo ta. Ya faɗa a gaban kowa, abin da na ɓoye wata biyu ya fita a numfashi ɗaya.

A ranar aka kawo masara daga majami'a, maƙwabciyata ta shigo da geronta ta dama kunu da hannunta. Amma cikin Inna ya riga ya daina karɓa, cokali biyu take sha ta kau da kai. Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ita dai in saki jiki. Kwana shida bayan haka ta rasu da rana tsaka, gero ya fitar da kai a gonaki, saura kaɗan a fara cin tumu.

Ranar jana'iza tsakar gidanmu ta cika da ƙore. Kirista da Musulmi, mutanen da su ma da ƙyar suke kaiwa gobe, kowa ya kawo ɗan abin da yake da shi. Gwauruwar nan ta kawo rabin masararta. Na tsaya ina kallon abincin da zai iya raya Inna, wanda yake nan kusa da ni tun farko. Da mutane suka ragu na tambayi maƙwabciyata yadda aka yi ta sani. Ta ce ai duk matan unguwa sun sani tun makon farko. Turmi mai hatsi ƙararsa a dushe take, nawa kuwa amo yake yi kamar ganga. Ta ce sun yi shiru ne don kada su ci mini fuska, suna jira in yi magana. Ashe asirin da na sayar da ran tsohuwa don in rufe shi, ba wanda na rufe wa sai kaina.

Maigidana ya dawo bayan kaka, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Na faɗa masa komai da bakina, ban rage ba. Ya yi kwanaki ba ya duban fuskata, kuma ban ga laifinsa ba. Na ajiye shugabancin zumunta. Na yi watanni ina zuwa sujada ina zama can baya, ba waƙa ba shaida, ba ni da wani abin da zan nuna wa Allah. A wannan zaman ne na fara yin addu'ar da ba faɗa a cikinta. Na ce masa ga ni nan, hannuna wayam, zuciyata ma ba kyau, ya karɓa in yana so. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba, amma na ji nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sai a lokacin na gane abin da Inna ke nufi. Ƙaunarsa ba ladan aikina ba ce, tana nan lokacin da rumbu ya cika, tana nan lokacin da na share ƙasansa.

Yanzu na tsufa, na kusa kai shekarun Inna, amma har yau in na ji ƙarar turmi da hantsi sai na kasa kunne, kuma haushin kaina bai gama barina ba. Allah ya gafarta mini, na yarda da wannan, sai dai gafara ba ta dawo da ita ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman mu da ake yaba wa a majami'a, ku kula da abin da kuke faɗa ranar da kuka ƙoshi. Kada ku auna ƙaunar Allah da cikar rumbu, naku ko na wani. In kuma ya aiko muku da taimako ta ƙasan danga, a hannun wanda ba ku zata ba, ku sa hannu biyu ku karɓa. Ni na tsaya tsare mutuncina, wadda ta biya kuwa tsohuwa ce da ba ta taɓa cewa tana jin yunwa ba.