Akwatin Kaka Mai Huji

A ranar wata Laraba cikin watan Yuni, shekarar da nake aji huɗu, na taso daga lakkal, wato makarantar boko, da azahar na tarar da kakata, Ya Kolo, zaune a ƙasa gaban akwatinta na katako, murfin a buɗe, ta zuba masa ido. Na leƙa ta bayan kafaɗarta, wani tururi mai warin ruɓaɓɓen ganye ya bugi hancina. 'Yan tsiron tattasan da na bari da safe tsaye kore shar duk sun kwanta, gindinsu ya yi baƙi ya sirance kamar zare. Babana yana bakin ƙofa riƙe da ledar da ya lulluɓe akwatin da ita, ruwa na ɗiga daga cikinta.

Mu mutanen bakin Komadugu ne, wani ƙauye gaba da Shetimari. Can na buɗe ido na ga jan tattasai shanye a kan rairayi har inda ido ya tsaya, mu yara muna korar awaki muna atishawa. Da rashin tsaro ya tashe mu, muka dawo Diffa, muka samu ɗakuna biyu masu rufin kwano a gidan da muke zaune da wasu iyalai. Abin da Kaka ta nace sai an ɗora wa jaki shi ne akwatin aurenta, a ƙarƙashin zannuwan kuma akwai 'yar gora toshe da toka. Irin tattasan kakana marigayi ne a ciki, wanda ya yi shekaru yana zaɓensa ɗaya bayan ɗaya, mai kaurin nama da ƙamshin da ba a samunsa a kasuwa. Damina biyu ta wuce ba mu da ko taƙin ƙasa. Sai Kaka ta ce, "Iri ma tsufa yake yi kamar mutum. In bana bai ga ƙasa ba, baɗi sai dai mu watsa wa kaji."

A tsakar gida ba a shuka, don awaki da kaji da ƙafafun yara, ga rana mai ƙona tsiro tun kafin ya miƙe. A ɗaki kuma ɓeraye ne sarakai. Shi ya sa Kaka ta kwashe zannuwanta ta ƙulle a tsumma, aka zuba wa akwatin ƙasa da kashin awaki, aka shuka rabin irin. Da safe a ja shi bakin ƙofa ya sha haske, in za a fita a rufe. Ranar nan Kaka ta tafi suna, ni ina lakkal, Baba kuwa da ya ga wahalar da muke sha wajen ɗauko ruwa a bido, wato jarka, daga famfo, sai ya ƙara da leda don kada laima ta gudu. Manomi ne na gaske, amma manomin fili. A bakin gulbi mun san neman ruwa, mun san yin inuwa da ciyawa, iska kuwa ba wanda ya taɓa nemanta, ita ke zuwa da kanta. Ba mu san ana rasa ta ba sai a ɗakin kwano.

Kaka ta sa bayan hannunta cikin akwatin ta daɗe, sannan ta ce wa Baba, "Ba ƙishirwa ta kashe su ba, Modu. Numfashi muka hana su." Ta aike ni in sa wani siririn ƙarfe a murhu har ya yi ja. Baba ya gane nufinta, ya ce, "Ya, akwatin aurenki ne fa." Ta ce, "Auren ya ƙare ranar da aka kai ubanka. Abin da ya bar mana yana cikin gorar nan." Ita ta yi hujin farko da hannunta, ya fito a karkace, na yi dariya, ta harare ni ta miƙa wa Baba ƙarfen. Ya jera wasu a ƙasan gefen da ke kallon ƙofa, wasu a murfi, don Kaka ta ce zafi sama yake bi kamar hayaƙin madafa, sai an ba shi hanyar fita sannan sanyi ya samu ta shiga. Muka liƙe hujojin da yankin tsohon sange, wato gidan sauro, saboda ɓera, muka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gabansu, jelarsa cikin kaskon ruwa, muka matso da randa kusa. Aka shuka ragowar irin, gorar ta zama fanko.

Daga nan mafici ya zama aikina. Ina tasowa daga lakkal in ci tuwo a tsaye, in zauna gaban buhun ina fifita, iska ta ratsa laima ta shiga akwatin da sanyinta. Kaka ta maƙala gashin kaza a hujin murfi, in ya daina motsi ta san na yi lalaci, ko da kuwa idonta a rufe yake tana rantsuwa ba barci take ba. A waje ƙawayena suna carafke da 'yar gala-gala, suna leƙowa suna kirana mai jinyar tattasai. Haushi nake ji sosai, wata rana har da hawaye. Amma tsoro ya fi haushin yawa, don na ga gindin gorar da idona, na san babu na uku. In hannuna ya gaji Kaka ta karɓa, tana faɗa mini sunayen gonakin bakin gulbi da masu su.

Ba duka suka fito ba, tsufa ya riga ya ci da yawa. Waɗanda suka fito kuwa sun tsaya da ƙafarsu. Da ruwan sama ya zauna muka dasa su a yankakkun bidoji bayan ɗaki, Baba ya kewaye da ƙaya. Da suka nuna ko ɗaya bai shiga miya ba. Kaka ta shanya su a kan faifai tana gadi da sanda, ta fasa, ta mayar da irin gora ta toshe da toka.

Yau Baba yana da 'yar gona kusa da Shetimari, tattasan kakana ne a cikinta, iska na kaɗa shi ba da maficin kowa ba. Kaka ba ta kai ga ganinta ba, kuma ina kewarta ƙwarai. Ni ina Diffa, fanka na juyawa a ɗakina in akwai wuta, akwatin yana kusurwa, ba ya ajiye zane saboda ƙura da kyankyasai, kowa ya zo sai ya ce in yar. Wani lokaci nakan sa yatsa a karkataccen hujin nan. A da na ɗauka nauyin ƙarfen ne ya fi ƙarfinta. Sai da na girma na gane hannunta ne ya yi rawa.