Akwatunan da Na Kulle Kwamfutoci a Ciki

A cikin ranakun aikina akwai wata Laraba ta watan Afrilu da ban taɓa mantawa da ita ba, lokacin da zafin Garwa yake hana mutum taka ƙasa babu takalmi. Ku da kuke gyaran kwamfuta yanzu kuna yawan tambayata abin da na gani a sana'ar nan. Ga ɗaya zan ba ku, ko da yake ba ni ne na fito da kyau a cikinsa ba.

Asalina mai gyaran rediyo ne, karatuna bai wuce firamare ba. Da Alhaji Bappa ya buɗe siber a Jambutu, wato shagon da mutane suke zuwa su hau intanet, sai ya ɗauke ni in kula da kwamfutoci goma. Ni ne babban mai gyara, kowa yana kirana Shef Sale.

A wurinmu masu gyaran rediyo, na'ura mai daraja ba a barinta a fili. Ana lulluɓe ta, a kulle. Saboda haka na sa kafinta ya yi wa kowace kwamfuta akwatin katako a ƙarƙashin tebur, na manna tsohon bargo ta ciki don ƙura da shurin ƙafa, na bar ɗan rami a baya don wayoyi, na sa kwaɗo. Makullan suna aljihuna. Alhaji har baƙi yake nuna wa aikin. Shekaru muka yi ana buga wasiƙu da takardun neman aiki, ba abin da ya faru.

Da wayoyin hannu suka ɗauke mana jama'a, Alhaji ya kawo Madam Fadimatu, wata Bafulatana daga Tibati, uwar 'ya'ya uku, wadda ta yi karatun kwamfuta sosai. Ita ta kawo shawarar wasan intanet, irin wanda mutum huɗu suke haɗuwa su yi yaƙi da wasu huɗu da suke wani gari. Ta ƙara wa kowace kwamfuta katin da yake zana hotunan wasan. Lokacin sanyi ne. Ranar da ta gama, ta ce mini, “Baba Sale, da za a bar ƙofofin akwatunan nan a buɗe.” Na ce ba a yin haka a shagon da nake shef. Ta bar maganar.

Shago ya cika har wata uku. Da zafi ya shigo, sai kwamfutocin, waɗanda 'yan wasan suke kira ordinata, suka fara mutuwa ana tsakiyar wasa. Hoto ya tsaya cak, sauti ya riƙa maimaita kansa, allo ya yi baƙi. Hamadu, wani mai tuƙa babur wanda shi ne shugaban 'yan wasan, ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya buga a tebur.

“Shef, ordinatar nan taka aljanu gare ta? Saura ƙiris mu gama da mutanen Marwa, ta sume! Yanzu suna can suna cewa 'yan Garwa sun gudu.”

Magani ɗaya na sani, shi ne a goge komai a sake zuba sabo. Na yi haka har sau uku, bai hana ba. Da Alhaji ya kira ni ofis ya tambaye ni, maimakon in ce ban sani ba, sai na ce, “Alhaji, wasan da matar nan ta zuba ne ya shigo da cuta. Kafin ta zo, ka taɓa ganin haka?” Ban bincika ba, ban ga wata cuta ba. Kunyar a ce shef ya kasa ce ta sa na faɗa.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ta a gabana. Ya ce, “Madam, na ba ki zuwa Juma'a. In ba ki gyara ba, a cire wasan, ke ma ki nemi wani wurin.” Mijinta ba ya da lafiya a lokacin, ita take riƙe da gidan, kuma na sani. Ta ce, “To, Alhaji.” Ba ta ko kalle ni ba.

Yadda ta yi aikin nan shi ne abin da nake so ku ji. Tana da zarginta tun farko, amma ba ta kama shi ta rufe ido ba. Litinin ta binciki cutar da na ambata, kwamfuta bayan kwamfuta, ba ta samu ba. Talata ta gwada wuta da layin intanet, ta ga lafiyarsu ƙalau. Ta kuma zauna kusa da 'yan wasan tana tambayarsu, yaushe take mutuwa, da an fara ko sai an jima? Suka ce sai an jima, kuma ta fi yi bayan azahar.

Ranar Laraba da rana ta zo inda nake, ta ɗan rusuna. “Baba, ina roƙon makullin lamba huɗu.” Lamba huɗu ita ta fi kowacce mutuwa. Na ba ta ina ɓata rai. Ta fito da ita ta ɗora a kan tebur a fili. Sai ta ɗauko tata kwamfutar ta ofis, wadda take da irin katin kuma ba ta taɓa mutuwa ba, ta sa a cikin akwatin, ta kulle da kwaɗona. Ba ta canza komai ba sai wannan. Ta ce Hamadu ya hau ɗaya, abokinsa ya hau ɗayar.

Muka tsaya muna kallo. Ba a yi rabin awa ba, tata da take cikin akwati ta mutu. Lamba huɗu kuwa ta ci gaba da wasa har aka kira la'asar.

Ta jira 'yan wasan suka fita alwala, sannan ta buɗe akwatin. “Baba, sa hannunka.”

Na sa, na janye da sauri. Kamar na taɓa tanderun mai burodi. Ta bayyana mini cewa buga wasiƙa ba ya wahalar da kwamfuta, amma wasa yana sa katin ya yi aiki iya ƙarfinsa, ya fitar da zafi. In zafin ya rasa hanyar fita, kwamfutar takan kashe kanta don kada ta ƙone. “Ba lalacewa take yi ba, Baba. Ranta take cetowa.”

Tare muka cire ƙofofin da bargunan, kafinta ya huda gefuna, aka sa fanka biyu suna hura ƙarƙashin tebura. Ranar Alhamis Hamadu da mutanensa suka cinye 'yan Marwa, ya fita yana ihu a bakin titi har masu shaguna suka leƙo.

Juma'a da safe Alhaji ya tambayi abin da ya faru. Madam ta riga ni magana. Ta ce, “Zafi ne, Alhaji. Akwatunan sun yi amfani a lokacinsu, amma wasa yana son iska. Ni da Baba Sale mun gyara.” Alhaji ya ce ta ci gaba da aikinta, har ya sa mini albarka. Ni kuwa na karɓi albarkar na yi shiru. Wannan shirun ya fi ƙaryar farko damuna.

Sai bayan wata biyu na iya zuwa wurin Alhaji na ce masa babu wata cuta, ni na ƙirƙira, kuma Madam ta gargaɗe ni tun farko. Ya ce, “Sale, ba ni ka kusa raba da abincinsa ba.” Na fito na same ta tana kwance wata kwamfuta. Na ce, “'Yata, ki yafe mini.” Ta ce, “Na yafe, Baba. Riƙe mini fitilar nan, idona ba ya ganin ƙaramar ƙusar can.” Na riƙe mata.

Bayan haka na roƙi Alhaji ya mayar da ita shef, na yi sauran shekaruna a ƙarƙashinta, kuma a nan na koyi gyaran kwamfuta na gaskiya.

Abin da zan bar muku kaɗan ne. In na'ura tana mutuwa, ku tambayi mai amfani da ita yaushe, ku canza abu ɗaya kawai ku gani, kuma ku fara zargin aikin hannunku. In maigida ya tambaye ku alhali ba ku gano ba, ku ce ba ku gano ba tukuna. Kwamfutar da aka yi wa kuskure ana sake kunna ta. Sunan da kuka ambata a ofis kuwa na mutum ne mai iyali, kuma ba kowa ne zai samu kwana huɗu da haƙurin Madam Fadimatu ya wanke kansa ba.