Gurun Kawu a filin harbi na Lyon

Mun tashi da asuba ranar Asabar, irin asubar watan Yuni ta Faransa da ke risko mutum bai gama juyin farko a gado ba. Mu uku ne a motar. Akwai ni, ɗan Damagaram mai aikin kwamfuta a Paris. Akwai mai motar, wani Bakano da aiki ya kawo nan. Sai dattijonmu ɗan Maradi da muka biya muka ɗauka a unguwar Stains, wanda kowa a kulob ɗinmu na harbi ke kira Kawu, har Faransawan ma. Gasar harbi da ƙaramar bindiga za mu a bayan garin Lyon.

Ga wanda bai san wasan ba, ba tsayawa ake yi wuri guda ba. Alƙali zai danna na'ura ta yi ƙara, ka zaro bindiga daga kube, ka bi ta lunguna da tagogi na katako kana harbin allunan kwali da farantan ƙarfe, ana duba saurinka da saitinka. Wanda ya yi sakaci da bakin bindiga ko sau ɗaya, ya gama gasa, sai gida.

Wannan ita ce gasar Kawu ta ƙarshe. Ya yi ritaya, a ƙarshen wata zai koma Maradi, kuma can babu inda zai yi wannan wasa. Bindigar ma ya riga ya sami mai saye. Tun da ya fara bai taɓa shiga babbar gasa irin wannan ba, burinsa kawai ya shiga ya fito lafiya, a rubuta sunansa cikin waɗanda suka kammala.

Kayan duk suna but ɗin mota yadda doka ta ce: bindigogi ba harsashi, an kulle kunamarsu da kwaɗo, harsasai a wani akwati dabam, takardun izini a aljihu. Baƙar fata uku da bindigogi uku a babbar hanya ba su da bukatar a tuna musu wannan.

Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin alkama hagu da dama, can gaba kuma inabi da fararen shanu. Kuɗin hanya kam ba a magana, abin da shingen ya karɓa zai ciyar da mu uku a gidan abincin 'yan Afirka na unguwar Château Rouge har da lemo. A wurin hutawa kofi ɗan mitsitsi ya fi na unguwa tsada ninki biyu, don haka muka buɗe kilishi da dambun naman da na sayo jiya, muka kora da shayin fulas ɗin Kawu.

Tun daga Auxerre har Beaune Bakano bai yi shiru ba, zancen kaya yake. Shi ajin da ba a hana komai yake harbi: bindigarsa da madubin saiti mai jan ɗigo a kai, gidan harsashinta dogo kamar rake, kubenta kuwa ɗan maƙale ne kawai. Ni ina ajin bindigar da ba a taɓa ba, yadda ta fito daga kamfani, mai jikin ƙarfe don nauyinta na danne zillon harbi. Ta Kawu mai jikin roba ce, mara nauyi, kuma shekara da shekaru da tsohon kube da bel ɗin wando na fata yake amfani. Bakano ya sha ce masa ya yi kama da mai gadin banki. Shi ne ma ya kawo shawarar mu haɗa hannu a kulob mu yi wa Kawu kyautar ban kwana: ɗamarar gasa mai hawa biyu, ta ciki a bi da ita ta madaukan wando, ta waje mai tauri kamar katako ta manne a kai, da sabon kube mai ɗan nisa da jiki, da mariƙan gidan harsashi. Ranar Alhamis muka ba shi. Ya yi godiya har idonsa ya kawo ruwa, bai kuma gwada a gabanmu ba.

Mun shiga Lyon da hantsi, bayan mun sha cunkoso a hanyar rami da ke ƙarƙashin dutsen Fourvière. Gari ne mai koguna biyu, mutanensa ba sa gudu a titi kamar na Paris. Abincin da suke alfahari da shi rabinsa alade ne, sai muka nufi unguwar Guillotière inda mahauta na halal suke. Na gwada wani curin fulawa da kifi da suke kira kenel, ɗanwake ne da ya yi karatu. Kawu ya ɗanɗana ya ture, ya nemi shinkafa.

Filin gasar tsohon ramin fasa dutse ne, ƙasarsa tsakuwa. Nan na gode wa Allah da na zo da takalmin gudun daji mai haƙora, don mai sulɓin tafi zai sha ƙasa. Kafin a harba ko ɗaya sai an bi layin duba kaya. Wata alƙaliya mai furfura ce a teburinmu, da ɗan ma'auni a hannu. Ta duba tabarau da abin toshe kunne, ta duba ko kube ya rufe kunama, ta auna tazarar bindiga da jiki, wadda ba a so ta wuce kamar faɗin yatsu uku. Ni da Bakano muka wuce.

Da ta zo kan Kawu sai ta tsaya. Mariƙin bindigarsa ya yi waje, bakinta kuma ya karkato ciki yana kallon cinyarsa. Ta sa ya gyara, ya gyara, ta koma yadda take. Bakano ya zo da sukundireba ya kwance kuben ya ɗaure, duk a banza. Sai ta tambaye shi cikin ladabi ko akwai wani abu a ƙarƙashin ɗamarar. Ta ce ba ruwanta da ko mene ne, amma da bindiga na kallon ƙafarsa ba zai shiga fili ba, kuma kafin a rufe tebur ya kamata ya dawo.

Muka je wurin da aka keɓe don taɓa makami, ya mayar da bindigar cikin akwati, sannan ya ja ni bayan mota ya ɗaga riga. Guru ne. Tsohon guru na jar fata da ya koma baƙi, da layu masu kauri jere, ɗaya daidai kan ƙashin ƙugunsa na dama. Tsohon bel ɗinsa siriri ne, yana zama sama da gurun. Sabuwar ɗamara kuwa faɗi gare ta, ta hau kansa daram. Shekarun nan muna sallah sahu ɗaya da shi, ban taɓa sani ba.

Na ce, “Kawu, tun ran Alhamis ka san ba ta zauna ba. Don mi ba ka zo da tsohon kuben ba?”

Ya ce, “Ku yi mini kyauta, in zo gabanku da tsohon abu? Wa ya taɓa yin haka?”

Na so in yi dariya, maganin ƙarfe ne ya juya wa mai shi bakin ƙarfe. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma. Ya gaya mini mahaifiyarsa ce ta ɗaura masa ranar da zai fara barin gida, ta ce kada gurun ya kwanta a ƙasa, kada ya shiga jaka, jikin mutum kaɗai. Ta rasu yana nan Turai, bai sami jana'iza ba. Ya ce ya san malamai sun yi magana, shi ma ba ya ce fata na tare harsashi ba ne. Hannunta ne ya ƙulla, shi ke nan.

Muka gwada tura shi sama, ya zamo. Muka gwada ƙasa, ya hana shi tsugunno. Bakano ya zagaya neman aron siririn bel da kuben da zai dace, bai samu ba. Rataya gurun a kafaɗa ma Kawu ya ƙi, don ɗinkin ya tsufa, yana tsoron ya tsinke garin gudu. Mutane sun fara raguwa a teburin. Raina ya ɓaci ƙwarai, da mu da kyautarmu, don mun sayi abin da ya burge mu ne ba mu tambayi mai ƙugun ba.

Can Kawu ya ce, “Ta ce jikin mutum. Ba ta ce nawa ba.” Ya kwance, ya miƙo mini. Inda ya tashi fatar ta yi wani zobe mai haske kewaye da cikinsa. Ni siriri ne, na naɗa shi a ƙirji ƙarƙashin riga, na ɗaure da igiyar takalmi don kada nauyi ya hau ɗinkin.

Alƙaliya ta sake aunawa, ta ce ya yi. Ba ta tambayi komai ba.

Da yammar nan da safiyar Lahadi muka yi harbi. Gurun ya yi ta cizona, ga zafi ga zufa, na ɓarar da maki a wurin da ake harbi a kwance. Bakano batirin jan ɗigonsa ya mutu ana tsakar zagaye, ya fito yana zagin kamfanin da Turanci, mu kuwa muka ce ai kaya ne. Kawu a zagayen farko hannunsa na hagu ya riƙa komawa ƙugu yana laluben abin da babu. Daga na biyu ya nutsu. Ba ya gudu, amma ba ya ɓarin harsashi, kuma sabuwar ɗamara ta riƙe kube cak, zaro ɗaya bindiga na hannu. Da aka kafe sakamako sunansa na can ƙasa da tsakiya, a cikin waɗanda suka kammala. Ya sa Bakano ya ɗauke shi hoto a gaban allon.

A hanyar dawowa ya yi barci tun daga Mâcon, baki buɗe. Ni ban iya jingina ba saboda layun da ke bayana. Abin da na koyo a tafiyar ba shi da yawa. Kada ka je gasa da kayan da ba ka yi atisaye da su ba, ka gwada su da tufafin da za ka sa ranar, da duk abin da ke jikinka. Kuɗi ba ya sa ɗamara ta zauna. In za ka yi wa dattijo kyauta, ka sa ya gwada a gabanka, don ba zai taɓa ce maka ba ta yi ba.

Mun iso Stains rana ba ta faɗi ba. A gindin benensu na kwance gurun na ba shi, ya juya baya ya ɗaura, ya saki riga. Ya ɗauki akwatinsa, ya bar ɗamarar a kan kujera. Na ce ya yi mantuwa.

Ya ce, “Ban manta ba. Ka ɗauki nawa kwana biyu, ka riƙe wagga. A Maradi guda ta ishe ni.”

Ta yi mini yawa, sai da na yanke kusan taƙi guda. Da ita zan fita atisaye ranar Laraba.